Yadda ake gyara bayan ƙwallon bolin ya dace da man da ke kan layi

Sau da yawa ɗan wasan bolin, wato wasan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanya da ake kira layi don ta kayar da sanduna goma masu siffar kwalba, zai ga ƙwallonsa ta daina lanƙwasawa yadda ya saba, sai ya fara tunanin sayen sabuwa. Ni shawarata, kafin ka kashe kuɗi, fara duba bayanta, wato ɓawonta na waje. A binciken da hukumar wasan bolin ta Amurka, USBC, ta fitar a 2008 kan tafiyar ƙwallo, kaushin ɓawon ne ya zo kan gaba, har ya fi ƙwayar da ke ciki tasiri. Wannan kaushi kuwa da hannunka za ka iya ƙara shi ko rage shi.

Matakin farko, ka san man da aka shimfiɗa a kan layi. Daga layin jifa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, faɗin kuma falanki 39. Ba duka ake shafa wa mai ba, ana barin ƙarshen a bushe. Shi ya sa ƙwallo ke tafiya hawa uku: ta zame a kan mai, ta lanƙwasa in ta taka busasshen wuri, sannan ta mirgina cikin kwalabe. Tambayi masu kula da wurin tsawon man ranar. A yawancin wuraren shaƙatawa man ya fi yawa a tsakiya, kusan ninki 10 na gefe, don haka ko ka ɗan kauce, layin zai dawo da kai. A manyan gasa bambancin yakan yi ƙasa da haka sosai, kuskure kaɗan sai ya fito fili. Akwai lissafin da 'yan wasa ke yi: cire 31 daga tsawon man, abin da ya rage shi ne falankin da ya kamata ƙwallon ta kasance a kai sa'ad da man ya ƙare, in an ƙirga daga kwatar da ke gefen hannun da kake jifa da shi. Mai na ƙafa 42, falanki na 11 ke nan. Na ƙafa 35, falanki na 4, daf da kwata.

Na biyu, zaɓi ɓawon da ya dace. Ƙwallon filastik miƙewa take yi, amfaninta kwashe ragowar kwalabe, musamman ta 10 da ke kusurwa. Ta yuretin, wadda ta yi tashe a shekarun 1980, tana kama layi da wuri, ta lanƙwasa a hankali ba fizga, don haka tana da daɗi a gajeren mai. Sai ta rezin mai tsotson mai, wadda ta shigo a farkon shekarun 1990 ta sauya wasan gaba ɗaya. Ita ma iri uku ce. Akwai zalla, mai kama layi da wuri, abokiyar mai mai yawa. Akwai mai ƙyalƙyali, wadda aka gauraya da garin ma'adinin mika, takan yi nisa kafin ta juya da ƙarfi, ta fi dacewa in layi ya fara bushewa. Akwai kuma haɗin biyun.

Na uku, wanke ƙwallon da ruwan goge ƙwallo da tawul mai tsabta. Kada ka sa soso a kan datti.

Na huɗu, gugar kanta, kuma a nan aikin yake. Ana amfani da soso mai kaushi irin su Abralon ko Siaair, masu lamba 180, 360, 500, 1000, 2000, 3000 da 4000. Ƙaramar lamba ta fi kaushi. Da 500 ko 1000 ƙwallo za ta ciji layi tun cikin mai. Da 3000 ko 4000 za ta zame ta yi nisa. In ka ƙara folish a kai, za ta adana ƙarfinta sai ƙarshe, sannan ta juya kamar an fizge ta. Wanda bai san inda zai fara ba, ya fara da 2000.

Ɗora ƙwallon a kan injin juyawa, ramukan yatsu na kallon sama. Jiƙa soson da ƙwallon, kada ka yi gugar a bushe, domin ruwa na hana zafi kuma yana kwashe ƙura. Goga daga sama zuwa tsakiya kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. Kifa ta, ka yi wa ɗaya gefen daidai haka. Sannan kwantar da ita ramukan su kalli gefe, ka goga, ka sake kifawa. Gefe huɗu ke nan, wasu ma shida suke yi. Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne lokaci da dannawa su zama ɗaya a kowane gefe. Ka ƙirga da baki in ya kama. In babu inji, hannu ma yana yi, sai dai ka zagaye ƙwallon duka, ba zoben da take birgima a kai kaɗai ba.

Abu biyu ke rikita mutane. Tsohon soso ba ya riƙe lambarsa. Wanda aka rubuta wa 1000, in ya sha aiki, sai ya koma kamar 2000 ko sama. Sannan hanyar da ka bi tana da tasiri. In ka tashi daga 500 ka tsallaka kai tsaye zuwa 2000, zurfafan layukan 500 suna nan a ƙasa, ƙwallon za ta fi cizo fiye da wadda aka bi da ita 500, 1000, 2000 a jere. Rubuta abin da ka yi a ɗan littafi, don ka iya maimaita shi ranar da ya yi maka kyau.

Na biyar, jefa ta ka sa mata ido. Kuskuren da ya fi ba ni takaici a nan yake. Mutum zai ga ƙwallonsa ta isa kwalabe a sanyaye, ta bar ta 10 a tsaye, sai ya ce kaushi ne bai isa ba, ya ƙara mata 500. Alhali sau da yawa kaushin ne ya yi yawa: ta kama layi tun da wuri, ta ƙone ƙarfinta a tsakiyar hanya, ta iso a gajiye. Dubi inda ta fara juyawa. In ta juya da wuri sannan ta miƙe, ɗaga lamba ko ka sa folish. In kuwa ta zame ta wuce inda ya kamata ta juya, ba ta dawo ba, to nan ne za ka sauko da lamba. Mataki ɗaya kawai a lokaci guda. Ka kuma tuna layin katako ya fi na roba riƙo, don haka yakan so bayan da ya fi santsi.

Duk wannan a gama shi kafin gasa ta fara. A dokar USBC, da zarar an fara ƙirga maki ba a sauya bayan ƙwallo, kuma tun 1 ga Agusta 2019 busasshen tawul kaɗai aka yarda a goge ta da shi a lokacin wasa. Goge ta bayan kowace jifa, domin rezin na shan mai nan take. Layi da kansa yana cinye kaushin, don haka bayan wasanni kaɗan sai ka sabunta da lambar ƙarshe da ka yi amfani da ita. In ta sha mai har ta mutu, kai ta shagon masu huda ƙwallo su fitar da shi da injin ɗumi. Kada ka sa ta a tanda, kada kuma ka bar ta a but ɗin mota cikin rana, zafi mai yawa yana tsaga ɓawon.