Yadda ake gwada kuloba mai jan fure a lambun Jos

Kuloba mai jan fure, wadda masana ke kira Trifolium incarnatum, 'yar dangin wake ce. Asalinta Turai, amma manoman kudancin Amurka sun daɗe suna rufe gona da ita a lokacin sanyi. Binciken da aka yi a can ya nuna tana iya bar wa ƙasa kilo 80 zuwa 170 na naitirojin, wato sinadarin da takin yuriya ke ba shuka, a hekta. Sai dai ba ta jure zafi. Shi ya sa nake ganin in har za ta karɓi ƙasar Arewa, to a tsaunukan Filato ne, kuma da hunturu.

Kada ka ba ta gona duka. Ware fili taku goma tsawo, taku goma faɗi, kusa da ruwan da kake ban ruwa, ka bar wani kamarsa a gefe ba shuka, don kwatantawa. Guji inda ruwa ke kwanciya. Ƙasarmu tana da tsami, kuloba kuwa ba ta son tsami mai yawa, don haka a auna maka tsamin ƙasar tukuna.

Giram 200 zuwa 300 na iri ya wadatar. Nan ne wurin lura: dole a cakuɗa irin da garin raizobiyam na kuloba, wato ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwa suna tara naitirojin, domin na wake ko na waken suya ba ya yi mata aiki. Yayyafa ruwan sukari kaɗan, zuba garin, juya a inuwa, ka shuka a ranar. Irin ƙanana ne, kada zurfinsa ya wuce santimita ɗaya. Wajen Nuwamba ya fi dacewa.

Bayan mako shida, tono guda biyar a hankali. Za ka ga 'yan ƙulli a jikin saiwar. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya; in fari ne, ba ta tara naitirojin.

Da ta fara fure, sare ta ka juye cikin ƙasa, ko da yake ganin ƙudan zuma na shawagi a kan jajayen furannin sai ka ji kamar ka bar ta. Jira mako biyu zuwa uku, ka dasa kabeji ko dankalin Turawa a filayen biyu, taki iri ɗaya, ka auna buhunan kowanne daban ranar girbi.