Yadda za ki sarrafa baƙin kayan lambu da kayan ƙamshi ba tare da kin ɓata tukunya ba

Burokoli, kalifulawa, jan kabeji, bitirut da zukini yanzu sun zama 'yan gida a teburin masu kayan gwari, musamman lokacin sanyi da kayan Jos ke sauka a kasuwanni irin su 'Yankaba ta Kano. Amma da yawa daga masu saye karon farko ba sa sake komawa, don abin bai yi musu daɗi ba. Laifin yawanci na wuta ne. Hannunmu ya saba da zogale da rama da tafasa, ganyen da ke son daɗewa a tukunya, wani lokaci har da 'yar kanwa. Waɗannan baƙin kuwa mintuna kaɗan suke so, kanwa kuma illa take yi musu.

Kafin komai, uwargida, kada ki yi gwaji da tukunyar gida gaba ɗaya. Ki ɗebi ludayi biyu na miya ko gwangwani ɗaya na shinkafa a ƙaramar tukunya, ki gwada a nan. Kuma sabon abu ɗaya za ki saka kowane karo. In kika haɗa uku lokaci guda, abinci ya fito da ɗaci, ba za ki san wanne za ki kama ba.

Burokoli da kalifulawa

Ki zaɓi burokoli mai duhun kore, kansa a haɗe tsam. Wanda ya fara yin ɗorawa ya tsufa. Ki yanka shi reshe-reshe kamar girman babban yatsa, ki jiƙa a ruwan gishiri minti 10, domin tsutsa da ƙananan ƙwari na ɓuya a tsakanin rassan. Kada ki yar da itacen tsakiya. Ki fere taurin bayansa ki yanka siriri, ya fi kan zaƙi ma.

Ki tafasa ruwa lita biyu da gishiri babban cokali ɗaya. Sai ruwan ya tafasa sosai za ki zuba, ki bar tukunyar a buɗe, minti 2 zuwa 3, ki tsame ki zuba a ruwan sanyi. Bayan haka sai ki soya shi sama-sama da tafarnuwa da attaruhu minti ɗaya. In a faten dankali ko soyayyiyar shinkafa za ki sa shi, ba sai kin tafasa daban ba, ki zuba ana saura minti 4 a sauke.

Abin da ke faruwa in ya wuce minti 7 ko 8 a wuta shi ne, dangin kabeji duka suna da sinadarin sulfa a jikinsu, zafi mai tsawo kuma yana sakinsa, sai kicin ya ɗauki wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, koren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wasu na jefa kanwa don riƙe launin. Launin zai tsaya, amma burokolin zai narke ya yi yauƙi, kuma bitamin C ɗinsa ya tafi.

Kalifulawa ya fi burokoli jure wuta, minti 5 zuwa 6. Ki matsa rabin lemon tsami a ruwan don ya riƙe farinsa. Tafasasshe salaf yake, shi ya sa ya fi kyau a soya shi a mai mai zafi har gefensa ya yi ja. Akwai kuma gwajin da ke karɓuwa sosai a gida, wato dambunsa. Ki goga kai ɗaya a magogi mai manyan ido, ki zuba a tsumma mai tsabta ki matse ruwan, ki soya da albasa a mai cokali biyu, wuta sosai, minti 5, kina juyawa. Sai ki zuba dafaffen zogale da dakakkiyar gyaɗa da yaji. In ba ki matse ba, ko kika rufe kaskon, fate za ki samu a maimakon dambu.

Jan kabeji, bitirut da zukini

Jan kabeji yana sauya launi gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Kanwa ko ruwan rijiya mai gishiri-gishiri na mai da shi shuɗi ko kore, tsami kuma na dawo da jansa. Don haka ki zuba lemon tsami cokali ɗaya tun farkon dahuwa. Ɗanye a kwaɗo ya fi dacewa da shi.

Bitirut ana dafa shi da ɓawonsa, ba a yanke kai ko jelar, in ba haka ba jan zai tsiyaye a ruwa. Matsakaici yana cin minti 35 zuwa 50, kuma ya nuna in wuƙa ta shige babu tirjiya. In ya huce, ɓawon da hannu ake saɓule shi. Yana da ɗanɗanon ƙasa da zaƙi, don haka yana son tsami da gishiri. Guda ɗaya ɗanye in aka goga a tukunyar zoɓo yana ƙara kauri da launi. A miyar tumatir kuwa kada ya wuce kwatan guda ɗaya, in ya fi haka miyar za ta yi zaƙi. Ki kuma sanar da mutanen gida cewa fitsari na iya yin ja bayan an ci, kada wani ya tayar da hankali.

Zukini ɗan'uwan kabewa ne, amma kusan duk jikinsa ruwa ne. Ki yanka kaurin yatsa, ki barbaɗa gishiri, ki bari minti 15, ki tsane, ki soya kaɗan-kaɗan kada kaskon ya cika. Ki ɗanɗana ɗanyen kafin ki dafa. In kika ji ɗaci mai tsanani, ki zubar da shi duka, domin wannan ɗacin guba ne mai jawo amai da gudawa, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Kayan ƙamshi

Kurkur, kumin, 'ya'yan koriyanda da hulba ba baƙi ne gaba ɗaya ba. Su ne ginshiƙin garin kori da kike zubawa kullum. Bambancin shi ne in kika saye su daban-daban, ke ce mai awo.

Ƙamshin yawancinsu a mai yake fita, a ruwa ba ya fita sosai. Masu girkin Indiya suna fara jefa 'ya'yan a mai mai zafi kafin albasa, kuma haka ya kamata ki yi. Ki ɗora mai cokali biyu a matsakaiciyar wuta, ki jefa ƙwaya ɗaya ta kumin. In ta fara tsirtuwa nan take, man ya yi. Ki zuba rabin cokalin shayi, ki ƙirga daƙiƙa 20 zuwa 30, da launin ya ɗan yi duhu ki zuba albasa, ita za ta sauke zafin man. Gari kuwa ya fi 'ya'ya saurin ƙonewa, don haka sai albasa ta yi laushi za ki zuba, ki juya daƙiƙa 30, ki bi da tumatir. In ya yi baƙi, ki zubar da man ki sake sabo. Ɗacin ƙonannen kayan ƙamshi ba ya gyaruwa da sukari ko magi.

Ga awon da ya dace da abincin mutum huɗu. Kurkur rabin cokalin shayi. In ya wuce, abinci zai yi ɗaci da warin ƙasa, kuma in ya haɗu da kanwa ja yake komawa, ki kula da wannan a shinkafa da wake. Koriyanda mai sauƙin kai ce, har cokalin shayi biyu ba ta damuwa. Ganyenta kuwa sai an sauke tukunya ake yayyafawa, kuma akwai mutanen da ke jin sa kamar sabulu a baki, halittarsu ce, ba laifin girkinki ba. Kadamom, wanda wasu suka sani a gahawar Larabawa, ƙwanso 3 ko 4 ya isa gwangwanin shinkafa huɗu. Ki ɗan fasa su kafin ki jefa, ki tsince in an gama. Kirfa sanda ɗaya tsawon yatsa tana yi wa farfesun rago kyau, amma garinta a miya yana sa ta ƙamshin kek.

Hulba ce ta fi buƙatar hattara. Mun fi saninta a magani, shi ya sa hannu ke sakin ta da yawa. A girki kwatan cokalin shayi ne iyakarta. Ki soya ta daƙiƙa 10 kawai, ko ki jiƙa ta ta kwana don ɗacin ya ragu. Tana dacewa da miyar kifi da duk abin da ke da tsami, kamar tumatir ko tsamiya. In kin riga kin zuba da yawa, mafita ɗaya ce, ki ƙara yawan miyar da sabon markaɗe, ki matsa lemon tsami kaɗan.

Ki riƙa sayen 'ya'ya maimakon gari, don garin kasuwa ba kya sanin daɗewarsa ko abin da aka cakuɗa masa. Ki gasa su a busasshen kasko minti 2 har ƙamshi ya tashi, su huce, sannan ki daka iya na sati biyu. Sauran ki rufe a kwalba nesa da murhu. In kina son gwaji mai sauƙi na farko, ki ɗebi yajin ƙuli gwangwani ɗaya, ki zuba dakakken kumin cokalin shayi ɗaya da koriyanda cokalin shayi biyu, ki barbaɗa a kan soyayyen kalifulawa ko gasasshen nama tun yana da zafi.