Yadda za ka gane nisan Dubai zuwa Guangzhou a jirgi

Masu zuwa sarin kaya China ta Dubai, ga hanya mai sauƙi, wayarka ma ta isa.

Da farko buɗe Google Maps ka nemo filin jirgin Dubai, ka danna wurin ka riƙe har jar alamar nan ta fito. Sai ka ja bayanin da ke ƙasa sama, ka taɓa inda aka rubuta Measure distance. Daga nan ka riƙa jan taswirar gabas a hankali, ka tsallake Indiya da ƙasar Bama (Myanmar), har ka dire kan Guangzhou, zai nuna maka wajen kilomita 5,800.

To yanzu lissafin awanni: jirgi yana cin kamar kilomita 850 a awa, ka raba, kusan awa 7 ke nan, ka ƙara ɗan lokacin tashi da sauka. Dawowa ya fi daɗewa don iska tana gaba da jirgin.

Abin da ke rikita mutane shi ne agogo, wallahi na ga wanda ya sa aka je tarbarsa tun kafin lokaci. China ta riga Dubai da awa 4, kuma lokacin sauka da ke kan tikitinka na garin da za ka sauka ne, ka duba da kyau kafin ka faɗa wa mai tarbarka.