Yadda Ɗalibin Karkara Zai Shirya Zama a Tsibiran Fiji

Ɗalibin da ya taso a ƙauyukan Kano ko Jigawa, ya kuma sami gurbin karatu a Jami'ar Kudancin Fasifik, wadda aka kafa a 1968 kuma babban reshenta yake Laucala a Suva, babban birnin ƙasar Fiji, zai taras cewa ladabin da aka koya masa a gida ya fi kuɗin guzuri amfani a can, muddin ya san wuraren da ƙa'idar mutanen Fiji ta saɓa da tamu.

Sai a fara da takardu. Bayan fasfo, wanda ake iya yi a Kano ko Dutse, ana buƙatar izinin zama na ɗalibi daga hukumar shige da ficen Fiji, da katin rigakafin cutar shawara. Babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye, don haka dole a ya da zango a hanya, kuma wanda tikitinsa ya bi ta Ostireliya ko Niyu Zilan ya nemi bizar wucewa tun yana gida. Yawancin jiragen waje suna sauka ne a Nadi, a yammacin tsibirin Viti Levu, daga nan kuma akwai tafiyar kimanin awa huɗu a bas zuwa Suva. Agogon Fiji yana gaba da namu da awa 11, saboda haka ɗalibi ya tsayar da lokacin waya da iyayensa kafin ya tashi, domin sa'ad da ake sallar Isha a Ringim, a can gari ya riga ya waye.

Suva gari ne mai ruwan sama kusan duk shekara, iskarsa kuma cike take da laima, har tufafin da aka ninke a akwati sukan yi funfuna. Manyan kaya masu nauyi ba su da amfani. Yadi mara kauri, da lema, da gidan sauro saboda zazzaɓin denge, su ne abin riƙewa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne, irin Winston da ta yi mummunar ɓarna a Fabrairun 2016, kuma a waɗannan watanni ba a shiga ƙaramin jirgin ruwa sai an saurari sanarwar masu hasashen yanayi.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne shiga ƙauyen 'yan asalin ƙasar, wato iTaukei. Baƙo ba ya faɗa wa ƙauye haka kawai. Yakan sayi ƙullin saiwar wani tsiro mai suna yaƙona a kasuwa, ya nemi wakilin ƙauye, wanda ake kira turaga ni koro, ya kai shi gaban sarkin wurin, a miƙa saiwar tare da jawabin neman izini. Sunan wannan al'ada sevusevu, kuma wanda ya taɓa raka mahaifinsa kai goro gidan dagaci ba zai ga baƙon abu a cikinta ba. Idan an karɓa, baƙo ya zama ɗan gari, kuma kula da shi ta hau kan kowa. Sai dai ga inda ake tuntuɓe: a wurinmu hula cikar kamala ce, a ƙauyen Fiji kuwa yawo da hula a ka raini ne ga sarki, don haka a cire ta tun daga bakin gari. Ɗaliba mai lulluɓi ta sa mai masaukinta ya yi wa dattawa bayani tun da wuri cewa abin addini ne. Ba a taɓa kan mutum, ko da na ƙaramin yaro ne da aka so a yi wa wasa. Ana cire takalmi a ƙofar ɗaki, a zauna a tabarma a tanƙwashe ƙafa, kuma ba a miƙewa a tsaya a kan mutanen da ke zaune. Maza da mata duka suna ɗaura zane mai suna sulu, kuma ɗalibi namiji kada ya ji kunyar ɗaurawa, tunda har ma'aikatan gwamnati da shi suke zuwa ofis.

Bayan an karɓi saiwar, akan jiƙa garinta a babban akushi, a riƙa miƙawa a ƙoƙon kwakwa. Abin sha ne da ke sa leɓe da harshe su yi nauyi, jiki ya mutu. A ganina, ɗalibi Musulmi ya tambayi malaminsa hukuncinsa tun kafin tafiya, kada ya bari sai ƙoƙo ya iso hannunsa a tsakiyar jama'a. Wanda ba zai sha ba ya sanar da mai yi masa jagora tun kafin a zauna, ya kuma ci gaba da zama cikin da'irar har a tashi, domin ficewa ita ce ke ɓata rai.

Batun abinci da sauƙi. Rogo da gwaza su ne abincin yau da kullum, ga kifi da madarar kwakwa. Hattara ɗaya ita ce lovo, girkin biki da ake yi a rami bisa duwatsu masu zafi, domin sau da yawa akan haɗa da naman alade a rami guda, sai a tambaya kafin a sa hannu. A birane akwai naman halal, saboda a cikin jikokin Indiyawan da Turawan Ingila suka kawo aikin rake tsakanin 1879 da 1916 akwai Musulmi, suna da masallatai a Suva da Lautoka da Labasa, da ƙungiyarsu ta Fiji Muslim League tun 1926. A can alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, abin da kan rikita wanda ya saba fuskantar gabas.

Ranar Lahadi ƙauyuka sukan yi tsit saboda coci, galibi na ɗariƙar Metodis, don haka wanki da ƙwallo da kiɗan waya sai a bar su zuwa Litinin. A sauran ranaku kuwa, idan samari sun fito filin rugbi, wato ƙwallon zari-ruga, da yamma, ɗalibi ya shiga ko bai iya ba, su da kansu za su koya masa yadda ake jefa ƙwallon baya.