Kafin ka tsallaka iyaka da motarka

Ɗan'uwa, in kana shirin tuƙa mota daga Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram, tun a gida za ka gama da takardu. Ka tabbata lasin ɗinka bai ƙare ba, sannan ka je Hukumar Kiyaye Haɗurra ka yanki na ƙasa da ƙasa. Ka haɗa da takardun mota na asali, da inshorar da ke aiki a ƙasar da za ka shiga, da fasfo, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. In motar aro ce, karɓi rubutaccen izini daga mai ita.

Mai zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya zai bi, mai zuwa Damagaram kuma ta Kazaure, Daura, Kwangwalam da Matamaye. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kar ka dogara da labarin bara. Leƙa tasha ka ji ta bakin direban da ya dawo cikin makon nan. A bakin iyaka kwastam za su ba motar takardar shiga ta wucin gadi, ka duba ranar ƙarewarta tun kana gabansu. Rasiɗin kuɗin hanya ma ka adana shi. In jandarma ya ɗaga maka hannu, ka gangara gefe, ka kashe mota, ka yi sallama kafin ka miƙa takardu.

Abin da ya fi damuna shi ne tuƙinmu na Kano, inda wanda ya riga cusa hancin motarsa a Bata ko 'Yankura shi ke wucewa. A Nijar, a mararrabar da babu alama ko danja, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, kuma ba zai taka birki ba don ya san haƙƙinsa ne. Don Allah ka riƙe wannan, rai ake magana. Tafiyar dare kuwa ban yarda da ita ba. Amalanke ba ta da fitila, raƙumi da jaki kuma sai ka zo dab da su za ka gan su.

Mai tafiya Ingila ya tuna ta hagu suke tuƙi, tsarin da Najeriya ta bari a 1972, kuma alamun gudunsu da mil ne: mil 70 kusan kilomita 112 ne. A Saudiyya kyamarorin Saher ne ke kama mai gudu da mai tsallake danja. Babu wanda za ka ba haƙuri, in motar haya ce kamfanin zai cire tarar daga kuɗinka.