Zazzaɓi da Gudawar Yara a Damina: Abin Yi Kafin a Isa Asibiti

Daga Yuli zuwa Oktoba, cuta biyu ne suka fi kwantar da yara a ƙauyukan Kano da Jigawa: zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Duka biyun suna da magani mai sauƙi. Abin da ke sa su kisa shi ne jinkiri, sai kuma bayar da maganin ba bisa ƙa'ida ba.

Zazzaɓin cizon sauro ƙwayar cuta ce da tamatar sauro ke zubawa cikin jini idan ta yi cizo da dare. Ba shan rana ke kawo shi ba, ba kuma ɗanyar masara ba, lokacinsu ne kawai ya haɗu. Alamominsa zafin jiki, rawar ɗari, ciwon kai da gaɓoɓi, amai da ƙin abinci. Matsalar ita ce wasu cututtukan ma haka suke farawa, shi ya sa ake gwaji. A asibitin sha-ka-tafi ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In gwaji bai nuna cutar ba, kada a dage sai an ba da maganinta. A ƙirga numfashin yaron na minti ɗaya yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, tare da tari, alamar namoniya ce, kuma maganinta daban.

In gwaji ya tabbatar, maganin shi ne ACT, wato haɗin magunguna biyu, kuma wanda aka fi sani a cikin irinsa shi ne Coartem. Da nauyin jiki ake auna shi. Ƙaramar ƙwayar Coartem mai lamba 20/120 a jikin kwali: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya 1, kilo 15 zuwa 24 ƙwaya 2, kilo 25 zuwa 34 ƙwaya 3, daga kilo 35 ƙwaya 4 a kowane sha. A duba kwalin, domin akwai na manya mai 80/480 wanda ƙwaya ɗaya ake sha. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko nan take, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. A ba shi da nonon uwa, madara ko kunun gyaɗa, saboda sai da maiƙo maganin ke shiga jini sosai. Yaro ya amayar kafin rabin awa, a sake ba shi, a kuma nemo cikon abin da ya zube.

A nan ake yawan kuskure. Zazzaɓi kan sauka a rana ta biyu, sai uwa ta ajiye sauran ƙwayoyin don ƙanen yaron. Ragowar ƙwayar cutar na nan cikin jini, bayan mako biyu ko uku ta dawo. Kulorokwin kuwa ya daina cin wannan cuta, tun 2005 Najeriya ta sauya shi da ACT. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, shi ma kwana uku ake shan sa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake.

Jijjiga, yawan barcin da ba a iya tashin yaro, kasa kama nono, amayar da komai, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat: waɗannan ba na gida ba ne, allura suke buƙata a babban asibiti. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Gudawa kuma daga bahaya take zuwa baki, ta ruwan sha, ƙuda, ko hannun da ba a wanke da sabulu ba. In ambaliya ta cika masai ta malala cikin rijiya, kamar yadda ake gani a kwarin Haɗeja, sai kwalara ta biyo. A 2021 Kano da Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Zawonta fari ne tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, tana iya kashe babban mutum cikin awoyi. Kuma a daina cewa haƙori ne. Lokacin fitar haƙori yaro ke rarrafe yana kai komai baki, daga nan cutar take.

Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, don haka mayar da ruwan shi ne maganin. A juye fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sikari, gaba ɗaya cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ko ruwan leda biyu na 50cl, bayan an duba abin da fakitin ya ce. Babu fakiti, a sa sikari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin wannan ƙaramin cokalin, a lita 1. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, domin in ya yi yawa cutar da yaro yake yi. Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, ɗan 2 zuwa 10 rabi zuwa cikakken kofi, babba ya sha iya shansa. Da cokali ake ba ƙaramin yaro, kaɗan-kaɗan. Ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

A haɗa da ƙwayar zink sau ɗaya a rana har kwana 10, ko da zawon ya tsaya: cikakkiya mai 20mg daga wata 6, rabi ga wanda bai kai ba. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma kare yaro na wata biyu zuwa uku. Nono da abinci kada a tsayar. Kafso da Flagyl da ake saya a kemis ba sa mayar da ruwa, kuma yawancin zawon yara ba ya buƙatarsu.

A kama hanyar asibiti in ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, an tsunguli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko an ga jini a bahaya. A tafi da goran ORS ana ba shi a kan hanya. In mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya suka kamu da zawo tsululu irin na kwalara lokaci guda, a sanar da mai unguwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, sauran gidaje kuma su koma tafasa ruwa, su rufe randa, su ware mata moɗa ɗaya mai mariƙi.