Kurakuran da ɗaliban digiri na biyu a kimiyyar katako suka fi yi

Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta taɓa kumbura a watan Agusta har sai ya sa kafaɗa, sannan hunturu ya kama ta saki har ƙura na shigowa ta gefe, ya riga ya san rabin kimiyyar katako. Wannan rabin kuwa shi ɗalibai suka fi mantawa idan an zo bincike.

Sai ka ga ɗalibi ya sayo madaci wajen 'yan katako, ya yanka, ya kai injin gwajin ƙarfi, ya rubuta lamba yana murna, bai auna damshin da ke ciki ba. Aikin baban giwa ke nan. Da zarar damshi ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, katako na tsukewa yana ƙara ƙarfi, shi ya sa ake daidaita samfuri a kashi 12 kafin gwaji. A Kaduna, inda iskar Janairu ke tsotse komai, abin da ka gwada da hunturu da wanda ka gwada da damina ba su zama ɗaya. Gyaran ba wuya: yanki guntu ka auna, ka sa a murhun busarwa a maki 103 na zafi a ma'aunin Salsiyas har nauyinsa ya daina raguwa, sannan ka raba ruwan da ya fita da busasshen nauyi, ba ɗanyen ba. Ni da ɗanyen na raba lokacin da nake nawa, sai da na sake lissafin babi guda. Idan wuta ta ɗauke cikin dare, kada ka yaudari kanka, ci gaba da busarwa har awo biyu a jere su zo daidai.

Sai batun samfuri. Falanki ɗaya daga kasuwa ba ya wakiltar bishiya, balle jinsinta, kuma sunan da mai sayarwa ya faɗa maka na ciniki ne. Nemi izinin hukumar gandun daji ka samu bishiyoyi da dama a wuri irin gandun dajin Afaka ko na Nimbiya, ka ɗiba daga gindi, tsakiya da sama, ka ware jan ciki da farin da ke kusa da ɓawo, don gara ba ta cin su daidai. Madobiya kuwa a taka a hankali, tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinsu.

Wasu kan zaɓi maudu'i kafin su tambayi inda na'ura take. Tambayi malaminka tun ranar farko. Kwalejin gandun daji ta Afaka difloma take bayarwa. Sassan da suka daɗe a fannin katako suna Jami'ar Ibadan da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Akure (FUTA), to a sa kuɗin mota a kasafi.

Yanzu kowa ya raja'a kan curin makamashi na garin katako ko buntun shinkafa da sitacin rogo. Ba laifi, amma yawancin binciken kan tsaya a auna zafi da toka. Kai buhu guda wa mai kosai a Kawo ta yi aikin safe da shi, ka zauna kusa da kasko ka rubuta minti nawa mai ya ɗauka kafin ya yi zafi, hayaƙi ya dame ta ko a'a, da nawa za ta iya biya idan ga gawayi a gefe.